Daga Triangle zuwa Rana Plaza: Wa ke da Alhakin Ran Maɗinki?

Ran 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle da ke New York. Ma'aikata 146 suka rasu, akasarinsu ƴan mata, domin an kulle ƙofar fita. Masu masana'antar da masu sayen tufafin duk suna ƙasa guda, saboda haka matsin ƙungiyoyin ƙwadago ya isa ya sa jihar ta kafa dokokin kariya fiye da 30.

Ran 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta kusa da Dhaka, a Bangladesh, mutane 1,134 suka mutu. Tun ana jajibiri aka ga bangon ya tsage, amma aka tilasta maɗinka komawa aiki. A nan kuwa kamfanonin da ke ba da ɗinkin suna Turai da Amurka, inda dokar Bangladesh ba ta kaiwa. Shi ya sa a Mayu 2013 ƙungiyoyin IndustriALL da UNI suka ƙulla yarjejeniya mai ƙarfin doka da kamfanonin, waɗanda daga baya suka haura 200: bincike mai zaman kansa, da ƴancin ƙin aiki a gini mai haɗari. Ta haka alhaki ya tsallaka iyaka, ya tarar da mai ba da ɗinkin a ƙasarsa.