Dokar Hana Nawa a Wasan Golf: Wa Take Kamawa?

Jama'a, abin da ya fi jan hankalina a tarihin golf shi ne dokar hana nawa. Wasa ne da mai ƙarancin bugu ke lashewa, don haka sai ɗan wasa ya tsaya yana auna iska yana leƙen rami, na baya suna ta jira.

A 1995 aka ƙara wa Glen Day bugu ɗaya a gasar Honda Classic ta Amurka saboda jan ƙafa. Hukumar PGA Tour ba ta sake yanke irin wannan hukunci ba sai 2017, shekara 22 ke nan, alhali ƙorafi kan nawar manyan taurari bai taɓa yankewa ba.

Amma a gasar Masters ta 2013 sai hukuncin ya faɗa kan Guan Tianlang, yaro ɗan ƙasar Sin mai shekara 14. Duk da haka ya tsallake zuwa zagaye biyu na ƙarshe.

A 2019 hukumomin R&A da USGA suka ba da shawarar daƙiƙa 40 ga kowane bugu, suka rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓace daga minti 5 zuwa 3. Ni kam a ganina rubuta doka ba wuya, wuyar ita ce alƙali ya iya kallon idon babba.