Magangarar Ruwa ta Farin Ruwa

Farin Ruwa magangarar ruwa ce da ke cikin Ƙaramar Hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa, dab da kan iyakarta da Jihar Filato. Tana daga cikin magangarun ruwa mafiya tsawo a Nijeriya, domin an ƙiyasta tsawonta ya kai kimanin mita 150, faɗinta kuwa kimanin mita 50. Shahararriyar magangarar Biktoriya da ke tsakanin ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe mita 108 ce, wato Farin Ruwa ta ɗara ta tsawo, ko da yake waccan ta fi ta faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba.

Asalin ruwan da sunansa

Ruwan yana tasowa ne daga tsaunukan Jos. A inda tsaunukan suka ƙare, ƙasa ta yanke ta yi gangare mai zurfi, saboda haka sai ruwan ya rikito ta kan dutse mai tauri wanda ba ya zaizayewa da wuri. Yayin da yake dukan duwatsu yana cuɗanya da iska, sai ya zama kumfa da feshi, ya yi fari fat kamar an baza auduga. Wannan shi ne dalilin da ya sa aka sa masa suna Farin Ruwa. Mai zuwa yakan hango farinsa a jikin dutse tun daga nesa, ya kuma ji rugugin zubarsa tun bai isa ba.

Feshin da ke tashi dare da rana yana sa kewayen wurin ya kasance da sanyi da laima. Wannan ya raya kurmi mai manyan itatuwa da tsuntsaye iri-iri a gindin dutsen, inda maziyarta kan zauna su huta.

Wurin yana cikin Jihar Filato har zuwa ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. A zamanin mulkin Gwamna Abdullahi Adamu, daga 1999 zuwa 2007, aka ɗauki aniyar mayar da shi cibiyar yawon buɗe ido, aka kuma soma aikin madatsar ruwa a yankin domin samar da wutar lantarki.

Yadda ake zuwa

Daga Lafiya, babban birnin jiha, tafiyar kimanin kilomita 120 ce. Ana bi ta Akwanga zuwa garin Wamba, daga nan sai a ƙara kimanin kilomita 30 ta cikin ƙauyuka. Ƙarshen tafiyar da ƙafa ake yin ta, akwai hawa da sauka, don haka tsofaffi da marasa ƙarfin jiki su yi la'akari da wannan. Yana da kyau baƙo ya fara gabatar da kansa ga mai unguwa ko dagacin ƙauyen da ke kusa, ya nemi ɗan jagora ɗan ƙasa, ya kuma tambayi halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro. A yi sammako domin a dawo da sauran rana.

Lokacin ziyara

Ruwan ya fi cika da ban sha'awa a damina, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba. Sai dai a lokacin ne hanyoyin karkara kan yi laka, duwatsu su yi santsi, haɗari kuma ya ƙaru. Da rani ruwan yakan ja baya, amma tafiya ta fi sauƙi, ana kuma iya matsawa kusa. Wanda ke son samun biyun sai ya zo a ƙarshen damina, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba.

Jan kunne ga maziyarta

Ana iya yin ruwan sama a can bisa tsauni alhali ko ɗigo bai sauka a gindin dutse ba, sai kawai ruwa ya taso ba zato ba tsammani. Saboda haka idan aka ga hadari ya haɗu ta wajen tsauni, ko launin ruwan ya soma juyewa zuwa ja, a bar bakin rafi nan take. Kada a shiga wanka inda ruwa ke zuba, kada a hau jiƙaƙƙen dutse domin ɗaukar hoto. Malaman da suka kawo ɗalibai su ƙidaya su a shiga da fita. A taho da ruwan sha da guzuri da takalmi mai kama ƙasa, kuma kowa ya koma da ledojinsa da robobinsa.

Nauyin da ke kan jama'ar yanki

Baƙin da ke zuwa hanyar samu ce ga 'yan acaɓa, masu sayar da abinci, 'yan jagora da manoma masu kayan gona. Amma wannan samu ya dogara ne ga kurmin da ke kewaye da ruwan. Idan aka sare itatuwa domin katako ko gawayi, ko aka cinna wa daji wuta, ƙasa za ta zaizaye, rafuka su cushe da yashi, ruwa ya riƙa ƙafewa da wuri. Ana kira ga hakimai, dagatai, kansiloli da ma'aikatan gandun daji da su hana noma a gaɓar ruwa, su tsawata wa masu ƙona daji, su kuma kai rahoton duk wata ɓarna ga ofishin ƙaramar hukuma ba tare da ɓata lokaci ba.