Karta Daga Fadar Misira Zuwa Allon Waya

A fadar Topkapi ta birnin Istanbul akwai wasu katuna na wasa da aka yi wa ado da ruwan zinariya, na zamanin Mamalik, sarakunan da suka mulki Misira daga 1250 zuwa 1517. Wani masani mai suna Leo Mayer ne ya bayyana su ga duniya a 1939. Gidajensu huɗu ne: takubba, kofuna, tsabar kuɗi, da sandunan wasan ƙwallon dawaki. Ba a zana fuskar mutum a kansu ba. Rubutu ne da ado ke nuna wannan sarki ne, wannan kuma na'ibinsa. Daga wannan kalma ta na'ibi ake ganin mutanen Sifaniya suka samo sunan da suke kiran karta da shi har gobe. Ke nan wasan da iyayenmu a zango suka ɗauka kayan Nasara ne, ta hannun Musulmi ya shiga Turai a wajajen 1370.

Ko sunan ma ɗan gida ne ta wata fuska. Masana harshe sun ce "karta" da "takarda" tushensu guda, wata kalmar Latin mai nufin abin rubutu. Ɗaya ta zo mana ta Sahara a bakin Buzaye, ɗaya ta biyo Turawa daga baya.

Tun shigar karta Turai hukuma ta sa mata ido. A 1377 birnin Fulorans na Italiya ya kafa dokar hana ta, don kuɗin da ake zubawa da rigimar da ke biyo baya. Mu ma abin da malamanmu suka tsaya a kai ke nan: caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana. Wannan ya sa kalmar "ɗan karta" ta daɗe tana ɗauke da wari a bakin Bahaushe, ko da mutum bai sa ko sisi ba.

Abin lura shi ne yadda masu wasan da kansu suka nemi tsare mutuncinsu. A 1742 wani Bature ɗan Ingila, Edmond Hoyle, ya buga ɗan littafi a kan wasan wist, ya jera dokokinsa har da hukuncin wanda ya ɓoye katin da ya wajaba ya jefa, da wanda ya bari aka ga abin da ke hannunsa. Wasan na mutum huɗu ne, biyu-biyu, kuma ba a yarda ka yi wa abokinka ishara da ido ko da tari ba. Daga wist aka haifi birij, wanda Harold Vanderbilt ya gyara masa lissafi a 1925. A kundin dokokin gasar birij na duniya, doka ta 74 kacokan a kan ɗa'a take: kada ka faɗi abin da zai kunyata wani ko ya ɓata masa jin daɗin wasa, kada ka ƙura wa hannunsa ido don ka hango katinsa. Wato dai sai da aka rubuta wa manyan mutane abin da kowace uwa a Sabon Zango ke koya wa ɗanta da harara ɗaya.

Mu a nan Gana mun tarar da sipa, wasan da ake raba wa kowa kati biyar, wanda ya ci zagayen ƙarshe shi ne da nasara. 'Yan uwanmu da ke zuwa daga Nijeriya suka kawo Whot, wanda William Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935, ya kuma samu gida a Nijeriya fiye da ƙasar haihuwarsa. A majalisun samari na Nima da zangon Kumasi, inda ake dafa shayi har dare ya raba, ba a taɓa rubuta doka ba, amma kowa ya san ta. Ba a leƙa hannun wani. Ɗan kallo ba ya magana, ko da yana ganin abokinsa zai faɗa rami. In dattijo ya ratso, a kife katunan a gaishe shi tukuna. In aka kira salla an tashi ke nan. Tsokana halal ce, har ma ita ce gishirin zaman, amma tana da iyaka: ana iya yi wa mutum dariyar rashin iya wasa, ba a taɓa iyayensa. Wanda ya ci ba ya miƙewa nan take ya kaɗe riga, sai ya ba da damar a rama. Babu alƙali a wurin, kunya ce ke riƙe da kowa, domin wanda ka zaga da daddare shi za ka tarar a sahu da asuba, wataƙila ma ƙanwarsa kake nema.

Sai kwamfuta ta shigo. A 1990 kamfanin Microsoft ya sa wasan karta na mutum ɗaya a cikin Windows, ba a jima ba aka fara haɗa mutane daga nesa, har dandalin Bridge Base Online ya buɗe a 2001. Yau wayar da ke aljihun kowane yaro teburin karta ce. Abin da ya ɓace a hanya shi ne fuska. Wanda ya ga zai sha kaye sai ya kashe data ya bar mutum uku suna jira. Wani ya ja lokaci da gangan don abokin karawa ya gaji ya fita. Biyu su haɗa baki ta WhatsApp su cinye na uku. Kada mu ce halin yara ne kawai: a 2020, da annobar korona ta mayar da gasar birij kan intanet, an samu zakarun duniya da suka amsa da bakinsu cewa suna buɗe na'ura ta biyu su shiga a matsayin 'yan kallo, su ga katunan kowa.

Mu da muke tsiraru a ƙasar nan, abin ya fi shafar mu ta wurin harshe. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Salaga sun bar mana suna na amana, har Hausa ta zama harshen ciniki ga ƙabilun da ba su taɓa ganin Kano ba. Yanzu yaro zai sa wa kansa laƙabi mai "zango" a ciki, ya zauna wasa da ɗan Asante ko ɗan Ewe da bai san shi ba, in ya sha kaye ya cika akwatin hira da ashar da Hausa, yana ganin ba a jin abin da ya ce. Ana ji. Maƙwabtanmu da yawa sun iya gaisuwarmu tun daga kasuwa, wanda bai iya ba kuma yakan ɗauki hoton allon ya tura wa abokinsa ɗan zango, ya tambaye shi ma'anar kalmar.