Lambobin Yaƙi na Faransa da Mazan Jiya na Ƙetaren Iyaka

Wanda duk ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Jibiya, inda iyaka ta raba 'yan'uwa tun yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906. Da yaƙi ya tashi a Turai, na kudu suka bi tutar Ingila, na arewa kuwa Faransa ta ɗebe su cikin rundunar da ta kafa a Sanigal a 1857. Waɗanda Allah ya nufa da komowa, waɗansu sun zo da lambobi a ƙirji.

Lambobin nan iri-iri ne. Akwai Médaille militaire, wadda aka fara bayarwa a 1852, ƙyallenta rawaya mai bakin kore. Akwai Croix de guerre ta 1915, watau gicciyen tagulla da takubba biyu a giciye, don wanda ya nuna jaruntaka gaban abokan gaba. Sa'an nan a 1930 aka ƙaro Croix du combattant, shaidar cewa mutum ya shiga fagen fama.

To, amma lamba ba ta cika tukunya. A 1959 Faransa ta yi doka ta tsayar da fenshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, bai ƙara hawa ba, alhali na Faransawa yana ta ƙaruwa. Ba a daidaita su sosai ba sai a 2011, bayan galibin mazan nan sun riga mu gidan gaskiya. Hausawa sun ce kyan alkawari cikawa.

Yau a Turai akwai masu tara irin waɗannan lambobi don sha'awa, har ana ƙera sababbi ana sayarwa. Saboda haka ƙarfen kansa ba ya shaidar kome. Abin da ke shaida shi ne takardar da aka ba soja, mai ɗauke da sunansa da rundunarsa.

Jama'a, ku da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, in kuka tarar da lamba a akwatin kakanku, kada ku sayar wa dillali. Ku nemi takardarta, ku kai wa mai jin Faransanci ya karanta muku, ku rubuta sunan mai ita da inda ya yi yaƙi, ku ajiye su wuri ɗaya. In lamba ta rabu da sunan mai ita, ta zama guntun tagulla kawai.