Gangunan Ƙarfe Daga Toronto Zuwa Roni: Yadda Iyalan Mishan Suka Yi Shirin Zuwa Ƙasarmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure ya taɓa jin dattawa na ambaton "Turawan mishan" na Roni. Wani zai tuna makarantar kwana ta samari, wani ɗakin shan magani, wata tsohuwa kuma ta tuna Baturiyar da ke gaisuwa da Hausa har da tambayar gajiya. Labarin isowarsu da zamansu muna da shi a bakin mutane. Wanda ba mu cika tambaya ba shi ne na tasowarsu. Me zai sa magidanci a Kanada ko Amurka ya sayar da motarsa, ya bar aikinsa, ya ɗauko mata da 'ya'ya zuwa wani gari mai duwatsu a yammacin Kazaure, wanda ko a taswirar makarantarsu babu sunansa? Wane shiri ya yi, kuma me ya bari a baya?

Amsar ta shafe mu, domin abin da aka ƙulla a waɗancan gidaje na ƙetare a ƙasarmu aka kwance shi.

Samari uku da wata uwa

Zancen ya faro ne daga birnin Toronto. Wata mata mai suna Margaret Gowans tana da ɗa, Walter, wanda ya ƙudurta kai addinin Kirista ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin. Ba Sudan ta Khartum ake nufi ba, a'a, Biladus Sudan ta littattafan Larabawa, wadda ƙasar Hausa ke tsakiyarta. Uwar ce ta ja hankalin wani saurayi, Rowland Bingham, ya bi ɗanta. Na ukunsu Ba'amurke ne, Thomas Kent.

Sun sauka Ikko a watan Disamba na 1893, ba wata babbar ƙungiya a bayansu, ba kuɗin kirki. Shekara ba ta zagayo da kyau ba sai da biyu suka kwanta dama: Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida, duka a 1894. Bingham ya koma gida da jinya. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyar tasu ta samu gindin zama a Patigi ta ƙasar Nufe. Ita ce aka sani da Sudan Interior Mission, ko SIM a taƙaice.

Wannan labari na mutuwar samari biyu shi ne abin da ake karanta wa matasa a majami'u da makarantun Baibul na Kanada da Amurka shekara da shekaru. Maimakon ya tsorata su, sai ya zama abin zaburarwa.

Ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba

Ƙasar sarakunan Musulunci ba ta buɗu gare su da wuri ba. A 1900 ayarin wata ƙungiyar, CMS ta cocin Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ya isa Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice. Bayan Turawan mulki sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa hannu a addinin mutane ba. Turawan mulki sun riƙe wannan alkawari ne don zaman lafiyar mulkinsu, suka kuma yi ta taka wa 'yan mishan birki. Likita Mila, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin a koma Wusasa a 1929, yana cikin 'yan kaɗan da suka samu shiga.

A shekarun 1930 al'amura suka sauya, kuma kuturta ce ta buɗe ƙofar. Hukumomin En'e na da zangon kutare amma ba ma'aikata, mishan kuwa na da likitoci da nas-nas masu son aikin da kowa ke gudu. Aka yi yarjejeniya, SIM ta karɓi kula da Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Daga nan tashoshi suka bazu: Garko, Ƙaraye, Kabo, Tofa, Gani, Malumfashi, Matazu, da Roni a masarautar Kazaure. A birnin Kano kuma asibitin ido ya buɗe a 1943. Izinin ya zo da sharuɗɗa, ciki har da hana wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci. Sarakunanmu sun san abin da baƙin ke so, baƙin ma sun san abin da sarakuna ke buƙata. Kowa ya shiga cinikin ido buɗe.

Shirin tafiya

To, mu leƙa gidan irin iyalin da za a turo ƙasarmu a shekarun 1940 ko 1950. Galibi ba attajirai ba ne. 'Ya'yan manoma ne, malaman makaranta, nas-nas, kafintoci. Miji da mata duk sai sun yi karatun Baibul, da yawa a makarantu irin su Moody ta Chicago ko Prairie ta Kanada. Sai likita ya duba lafiyarsu, sai shugabannin ƙungiya sun yi musu tambayoyi a kan aƙida da hali.

Bayan an karɓe su sai babban aiki, neman guzuri. SIM ba ta da wata coci guda da ke biyan albashi. Tsarinta shi ne dogaro ga Allah da abin da jama'a suka bayar. Don haka iyalin kan shafe watanni, wani lokaci fiye da shekara, suna zagaya majami'u gari-gari, suna bayani, suna nuna hotuna. Wannan tsohuwa ta ɗauki alkawarin dala kaɗan duk wata, wancan ajin yara ya tara kwabbai. Sai alkawuran sun kai a sa ranar tafiya.

A nan akwai abin da ya kamata mu lura da shi. Don a motsa zukatan masu bayarwa, sau da yawa akan zana ƙasarmu da baƙin fenti: duhu, cuta, jahilci. Ba a cika gaya wa mai sauraro cewa ƙasar da za a je tana da alƙalai, da malamai masu rubuta littattafai, da kasuwanni da suka girmi biranen Kanada ba. Mutane da yawa a can ta wannan taga suka fara ganinmu.

Sai haɗa kaya. Zangon aiki yakan kai shekara huɗu kafin a je hutu gida, saboda haka kayan shekara huɗu ake tanada. A gangunan ƙarfe ake zuba su, irin na mai, a liƙe bakin, a rubuta suna da fenti, saboda ganga ba ta jin ruwan teku, gara ba ta cin ta, ɓera ba ya huda ta. A ciki akwai gidan sauro, fitilar kananzir, tukwane, keken ɗinki, littattafai, abincin gwangwani, kwinin na zazzaɓi da hular kare rana. Uwa kuma sai ta zauna ta yi lissafin da ya fi kowanne wuya: yaron da ke shekara biyu yau, wane takalmi zai shiga ƙafarsa yana shekara uku, da huɗu, da biyar? Haka za ta sayi takalma jere, ƙarami zuwa babba, ta jera a ganga, ba ta da tabbacin mai takalman zai kai ga sa na ƙarshe. Maƙabartar mishan da ke Miango a ƙasar Filato tana da ƙananan kaburbura da ke shaida cewa tsoron nata ba na banza ba ne.

Ana yi musu allurar rigakafin shawara, wadda aka samu a ƙarshen shekarun 1930. Sannan a yi bankwana da iyaye tsofaffi, kowa ya san wataƙila ganin ƙarshe ke nan, don wasiƙa kan yi makonni a hanya, labarin rasuwa yakan iso bayan an daɗe da binnewa.

Teku, dogo, da Hausa

Hanyar da aka fi bi ita ce jirgin ruwa zuwa Ingila, daga Libaful a hau na kamfanin Elder Dempster zuwa Ikko, tafiyar kusan mako biyu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tekun ma ya zama fagen fama. Ranar 17 ga Afrilu, 1941, jirgin yaƙin Jamus ya buɗe wuta a kan wani jirgin Masar mai suna Zamzam a kudancin tekun Atlantika. Ya taso daga New York ɗauke da 'yan mishan da iyalansu sama da ɗari masu nufin ƙasashen Afirka daban-daban. Jirgin ya nutse, amma an tsamo mutanen.

Daga Ikko sai jirgin ƙasa, wanda dogonsa ya iso Kano tun 1911. Kafin a tura baƙo tasha sai ya zauna makarantar koyon Hausa, a Minna da farko, daga baya a Kano, ya kuma ci jarrabawa. Kayan karatunsa sun haɗa da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932 da ƙamusun Bargery na 1934. Bayan haka ne zai ɗora gangunansa a mota, ya bi hanyar Daura, ya ratse ta Kazaure zuwa Roni.

Gangunan nan ba su koma ba. Bayan an kwashe kaya sukan zama matarar ruwa ko ma'ajin hatsi. Su kuma masu su, tun daga ranar farko, a hannun mutanenmu rayuwarsu take: mai ɗebo ruwa, kuku, mai gadi, magini, da malamin da ke gyara musu karin harshe. Wasiƙun da suke aikawa gida sun cika da sunayen masu ba da kuɗi, amma waɗannan da suka riƙe gidan ba kasafai ake ambatonsu da cikakken suna ba.

Abin da ganga ba ta ɗauka

Mafi nauyin shiri duka shi ne na 'ya'ya. A farkon zamani, idan yaro ya isa shiga makaranta, barinsa ake yi a Kanada, a wani gida da ke garin Collingwood mai suna Gowans Home. Yaro zai yi shekara huɗu bai ga uwarsa ba, ta dawo ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa. Don rage wannan ne aka buɗe Kent Academy a Miango a 1946, bayan makarantar Hillcrest ta Jos da wata ƙungiyar ta kafa a 1942. Dubi yadda sunayen samarin nan biyu da suka mutu a 1894 suka koma sunayen gidajen renon 'ya'yan magadansu. Ko da aka samu Miango, yaro ɗan shekara shida ne ake sa wa kaya a akwati a raba shi da gida na watanni. Da yawa daga cikinsu, bayan sun manyanta, sun rubuta irin ciwon da wannan rabuwa ta bar musu.

Mu wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san uban da ke damƙa ɗansa ɗan shekara shida ga malam a tafi gabas neman karatu, uwa na share hawaye a bayan ƙyaure. Mun san kakanninmu da suka kama hanyar Makka a ƙafa da iyalansu, ta Barno da Wadai, wasu suka yi shekaru, wasu suka zauna a Sudan har yau zuriyarsu na can. Addinin ya bambanta, amma mun san yadda imani ke sa mutum ya bar gida, mun kuma san cewa sau da yawa yaran da ba a yi shawara da su ba ne ke ɗaukar kaso mafi nauyi.

A Roni ma hakan ta faru ta ɗaya ɓangaren. Makarantar kwana ta samari da mishan ta buɗe a can ta tara yara daga wurare daban-daban, ciki har da marayu, da 'ya'yan masu jinya a zangon kutare, da 'ya'yan Maguzawa. Baturen da ya aika ɗansa Miango shi ne ke renon ɗan wani a Roni. Wasu iyalai sun ga alheri a ciki, don 'ya'yansu sun zama malamai, ma'aikatan asibiti da na gwamnati. Wasu kuwa sun ga an raba su da ɗa, an kuma raba ɗan da addinin gidansu. Duka biyun sun faru, kuma tarihi na gaskiya sai ya ɗauke su tare.

Abin da ya rage

Yawancin mutanen Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura sun karɓi magani, sun yi godiya, sun ci gaba da sallarsu. Waɗanda suka karɓi Kiristanci kaɗan ne, akasari daga Maguzawa da ɗaliban makarantun kwana. Zuriyarsu Hausawa ne 'yan ƙasa, ba baƙi ba, da su muke cin kasuwa ɗaya. Cocin da ta fito daga aikin SIM, wato ECWA, ta tsaya da ƙafarta a 1954. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan, a 1976 kuma SIM ta miƙa wa ECWA ragamar sauran ayyukanta. Yau reshen bishara na ECWA, wato EMS, shi ke tura iyalai 'yan Nijeriya zuwa wasu ƙasashe, su ma suna zagaya majami'u neman guzuri, suna lissafin makarantar yara.

Akwai aikin da ya rage a kanmu. Wasiƙu, hotuna da rahotannin da waɗancan iyalai suka rubuta a kan kakanninmu suna adane a ma'ajiyar SIM a Amurka, wasu takardun kuma a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Masana irin su Shobana Shankar da Barbara Cooper sun yi littattafai a kai, amma da Turanci. Ɓangarenmu na labarin yana bakin dattawan da suka yi karatu a Roni, ko suka yi aiki a gidan mishan, ko suka hana 'ya'yansu zuwa, kuma kullum raguwa suke yi. Wayar da kake karanta wannan da ita tana ɗaukar murya. Idan akwai irin wannan dattijo a gidanku ko unguwarku, Musulmi ne ko Kirista, ka je ka gaishe shi, ka zauna, ka tambaye shi abin da ya gani ranar da aka sauke gangunan.