Tarihin Ma'anar Zafi A Ilimin Kimiyya

Tun da daɗewa ɗan Adam ya san wuta, yana dafa abinci da ita, yana narke ƙarfe. Amma tambayar ko mene ne zafi kansa ba ta sami amsa ba sai a tsakiyar ƙarni na 19. Tarihin wannan amsa ya shafi masu nazarin harshe, domin da yawa daga gardamar da aka yi a kan suna aka yi ta.

Mataki na farko shi ne raba abu biyu da ake haɗawa. Wajen shekarar 1761, wani malamin jami'ar Glasgow a ƙasar Sikotlan, Joseph Black, ya lura cewa ƙanƙara in tana narkewa tana shan zafi mai yawa, amma ma'auni ba ya motsawa daga sifili sai ta narke duka. Zafin da ke narke kilo guda na ƙanƙara ya isa ya kai kilo guda na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Daga nan aka gane cewa yawan zafin da ya shiga abu dabam ne, matsayin da ma'auni ke nunawa kuma dabam. Black ya kira wannan ɓoyayyen zafi. Shi ne dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, yana tafiya da zafin wanda ya rage a ciki.

To, ina zafin ya ɓuya? Masana da yawa suka ɗauka cewa wani irin ruwa ne marar nauyi, wanda ido ba ya gani, yana kwarara daga abu mai zafi zuwa mai sanyi. Waɗansu kuwa suka ce motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da abu ya ƙunsa. A shekarar 1783 Lavoisier da Laplace, a ƙasar Faransa, suka bayyana ra'ayoyin nan biyu a cikin rubutu guda, ba su zaɓi ko ɗaya ba.

Bayan shekara huɗu, a 1787, Lavoisier da abokansa uku, Guyton de Morveau da Berthollet da Fourcroy, suka fitar da littafin da ya sake wa sinadarai suna baki ɗaya. Nufinsu shi ne kowane suna ya faɗi abin da ke cikin abin da aka raɗa masa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har yanzu ana cin moriyarsa. Amma a cikin sababbin sunayen akwai "kalorik", sunan da suka ba ruwan nan marar nauyi. A 1789 Lavoisier ya jera asalan abubuwa 33, ya sa kalorik a cikinsu tare da haske, kusa da oksijin da haidirojin. Abin da dā zato ne, yanzu ya sami suna da mazauni a littattafan koyarwa, ɗalibai suna haddace shi kamar yadda suke haddace ƙarfe da zinariya.

Wanda ya fara girgiza wannan ra'ayi shi ne Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, haifaffen Amurka, yana kula da ƙera igwa a birnin Munich na Jamus. Ya ga cewa in ana huda bakin igwa ƙarfen yana yin zafi ba iyaka. Sai ya sa aka ɗaura dakusasshen mahudi, dawaki suna juya shi, aka nutsa wurin gugar cikin akwatin ruwa. Cikin awa biyu da rabi ruwan ya tafasa, ba da wuta ba. A 1798 ya kai wa masanan London hujjarsa: abin da ba ya ƙarewa muddin doki na tafiya, ba ajiyayyen ruwa ba ne, motsi ne. Amma ba a bi shi ba, domin masu kalorik suna da lissafi mai aiki, shi kuwa ba shi da adadin da zai maye gurbinsa.

Har ma a 1824, Sadi Carnot, injiniyan Faransa, ya gina nazarinsa na injin tururi bisa kalorik. Ya kwatanta zafi da ruwa mai gangarowa daga tudu yana juya inji, ya nuna cewa aikin da za a samu ya danganta ga tazarar da ke tsakanin wuri mai zafi da wuri mai sanyi. Wannan sakamako gaskiya ne, ko da yake tushensa ba daidai ba ne. Ya rasu a 1832. Takardun da ya bari, waɗanda ba a buga ba sai 1878, sun nuna shi ma ya riga ya saki kalorik.

Adadin da Rumford ya rasa, mutum biyu suka samo shi. A 1842 Robert Mayer, likita Bajamushe, ya lissafa yawan aikin da ke daidai da wani gwargwado na zafi. James Joule kuwa, mutumin Manchester a Ingila, ya auna shi da hannunsa: ya rataya nauyi da igiya, nauyin yana sauka yana juya filafilai cikin ruwa, shi kuma yana duba ma'auni. Ya yi shekaru yana maimaitawa, ya buga sakamakonsa mafi inganci a 1850. A lissafin yau, kilo guda in ya faɗo daga tsawon mita 427, aikinsa zai ƙara wa kilo guda na ruwa digiri ɗaya. Tun da aiki na komawa zafi bisa ƙa'ida guda kullum, kalorik bai da sauran wurin zama.

A shekarar nan ta 1850 Rudolf Clausius ya haɗa binciken Joule da na Carnot, ya fitar da dokoki biyu: makamashi ba ya ɓata, sai dai ya sake kama, zafi kuma ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi zuwa mai zafi. A 1865, da ya buƙaci suna don sabon adadin da ke auna wannan hanya da ba ta komowa, sai ya yi hattara. Ya ɗauko "antorofi" daga tsohon Girkanci, daga kalmar da ke nufin juyawa, don sunan ya zama ɗaya a dukan harsuna. Daga baya Maxwell da Boltzmann suka nuna da lissafi cewa abin da ma'auni ke nunawa yana bin matsakaicin ƙarfin motsin ƙwayoyi. A 1948 babban taron ma'aunai na duniya ya tsai da "jul" ma'aunin zafi da aiki duka, a 2019 kuma aka ɗora ma'anar kelbin bisa adadin Boltzmann.

Wannan tarihi yana da darasi ga masu shirya littattafan makaranta da na yaƙi da jahilci. A Hausa kalmar zafi tana da faɗi: akwai zafin rana, zafin ciwo, zafin rai, zafin nama. Faransanci ya raba chaleur da température, Hausa kuwa da kalma guda take faɗin su. In mai fassara ya bar su haka, ya mai da ɗalibi baya ga zamanin Black, ba zai gane yadda ƙaramin garwashi ya fi tukunyar ruwan ɗumi tsanani ba, alhali tukunyar ta fi shi yawan zafi. Saboda haka ya kamata a tsai da kalmomi biyu, kamar "yawan zafi" da "matsayin zafi", a riƙe su ba canji daga ajin farko har na ƙarshe.

Haka kuma ana cewa sanyi ya shiga ɗaki, zafi ya fita. Maganar daidai ce a bakin kowa, amma a darasin kimiyya tana sa yaro ya ɗauka abubuwa biyu ne masu shiga da fita, alhali sanyi ƙarancin motsi ne kurum. Ba a hana mutane maganarsu, sai dai littafi ya bayyana bambancin tun a shafin farko.

Kalorik ya shekara fiye da sittin a littattafan Turai, ko da yake masana ne suka raɗa shi da kyakkyawar niyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a buga sabuwar kalma, wajibi ne malamin kimiyya da masanin harshe su zauna tare, su duba abin da kalmar ke sa mai ji ya zata, sa'an nan a gwada ta a bakin ɗalibai.