Aminan Lambobi da Malaman Bagadaza

Tun zamanin Girkawa masana lissafi ke raba lambobi gida uku. A tattaro duk waɗanda ke raba lamba ba saura, ban da ita kanta, a haɗa su: in jimlar ta yi daidai da ita, kamar 6 ko 28, cikakkiya ce, in ta gaza, tauyayya ce, in ta zarce, mai rara ce. Ɗauki 220. Masu raba ta su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, jimlarsu 284. Ita kuma 284 tana da 1, 2, 4, 71 da 142, jimlarsu 220. Rarar 64 da ke wajen ta farko ita ce giɓin ta biyu. Irin waɗannan ake kira aminan lambobi, kuma ɗaruruwan shekaru Girkawa ba su san wasu ba sai waɗannan biyun.

Akwai masu ganin duk wannan sha'anin tsibbu ne aka sa wa rigar ilimi. Ba su rasa madafa ba, domin Ibn Khaldun ya ambata a Muƙaddima cewa masu hatimi na amfani da 220 da 284 don haɗa soyayya. Amma mai rubuta laya ba ya neman ƙari a kan lambobi biyun da ya gada, balle ya wahalar da kansa da hujja. Abin da Sabit bin Ƙurra ya yi a Bagadaza daban ne. Mutumin Harran ne, mai fassara littattafan Girkawa, ya rasu a 901, kuma shi ya fitar da ƙa'idar samo aminan, ya kafa mata hujja daki-daki irin ta Iƙlidis. Ƙa'idar na bukatar lambobi uku waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da kansu. Da 5, 11 da 71 ake samun 220 da 284. Da 23, 47 da 1151 kuwa sai a sami 17,296 da 18,416, waɗanda Kamaluddin al-Farisi ya kawo wajen ƙarshen ƙarni na 13 ko farkon na 14. A ƙarni na 17 Muhammad Baƙir Yazdi ya kai ga 9,363,584 da 9,437,056. Kafin a amince da wannan sai an tabbatar 73,727, ɗaya daga lambobi ukun da ƙa'idar ke bukata a nan, ba ta rabuwa, wato a gwada ta da lambobi 58 marasa rabuwa ɗaya bayan ɗaya, daga 2 har 271, da alƙalami da tawada. Wa zai yi wannan don farin jini?

Sukar da ta fi nauyi ita ce ƙa'idar Sabit ba ta da yalwa. Gaskiya ne: ta tsallake 1,184 da 1,210, ƙanana da su, waɗanda suka ɓuya har sai da wani matashi ɗan Italiya ya gano su a shekarun 1860. Sai dai ƙa'idar ba ta taɓa alkawarin kamo kowa ba. Abin da ta ce za ta bayar ta bayar, ba kuskure ko ɗaya. A kanta Euler ya ɗora, ya faɗaɗa ta, ya samo kusan nau'i sittin a tsakiyar ƙarni na 18. Fermat ya sanar da 17,296 da aminiyarta a 1636, Descartes ya sanar da na miliyan tara ɗin a 1638, aka daɗe ana jingina musu su a Turai, alhali na Fermat sun shekara fiye da ɗari uku a rubuce cikin littafin al-Farisi.